Alfred Deller, Mawaƙi Mai Siririyar Murya

An haifi Alfred Deller ran 31 ga watan Mayu na shekarar 1912 a Marget, wani gari na bakin teku a kudu maso gabashin ƙasar Ingila. Tun yana ƙarami ya shiga ƙungiyar mawaƙan majami'ar garinsu. A nan ya koyi karanta alamomin kiɗa, domin Turawa suna rubuta sautin waƙa a takarda kamar yadda ake rubuta magana.

Idan yaro ya balaga, muryarsa takan fashe, ta yi kauri. Daga nan sai ya koma rera waƙa da babbar murya kamar sauran maza. Alfred kuwa bai yi haka ba. In yana magana, muryarsa ta maza ce sak. Amma in ya tashi waƙa, sai ya ɗaga ta sama, ta fito siririya, garau. A wancan zamani akwai maza masu irin wannan murya a majami'un Ingila, amma cikin taro suke waƙa. Ba a saba ganin ɗayansu ya tsaya shi kaɗai gaban jama'a ba. Saboda haka Alfred bai sami malamin da zai koya masa ba. Shi ya horar da muryarsa da kansa.

Da ya bar makaranta, ya kama aiki a kantin sayar da kujeru da gadaje. Da rana yana kanti, ran Lahadi yana waƙa. A shekarar 1940 aka ɗauke shi mawaƙi a babbar majami'ar Kantabari. Lokacin ana Yaƙin Duniya na Biyu. Alfred ya ƙi ɗaukar bindiga saboda imaninsa, sai ya yi aikin gona a maimakon aikin soja.

Cikin shekarun yaƙin ne wani mai tsara kiɗa, Michael Tippett, ya ji shi yana rera waƙar Henry Purcell. Purcell babban mai tsara kiɗa ne na Ingila, wanda ya rasu tun 1695. Ya rubuta waƙoƙi da yawa domin maza masu murya ta sama, amma an daɗe ba a jin su yadda ya kamata. Tippett ya ga cewa wannan muryar ta dace da su ƙwarai. Sai ya gayyaci Alfred zuwa Landan, ya gabatar da shi ga jama'a.

A watan Satumba na 1946, gidan rediyon BBC ya buɗe sabuwar tasha ta kiɗa da ilimi. A daren farko Alfred ya rera waƙar Purcell, mutane masu yawa suka ji shi a gidajensu. A 1947 ya koma babbar majami'ar Sen Fol ta Landan, inda ya yi wajen shekara 15.

Amma ba kowa ya karɓe shi ba. Alfred dogo ne, ƙaƙƙarfa, mai gemu. In ya buɗe baki, wasu sai su riƙe haɓa don mamaki, wasu su yi dariya, wai namiji da muryar mata. Abin yana yi masa ciwo, amma bai sake murya don ya gamshe su ba. Ya ƙara himma ga aikinsa, har masu dariya suka koma masu sauraro.

Wajen shekarar 1950 ya kafa ƙaramar ƙungiyar mawaƙa mai ɗauke da sunansa. Suka riƙa tono tsoffin waƙoƙin da aka rubuta shekara 300 ko 400 da suka wuce, suna rera su yadda mutanen dā suke yi. Sau da yawa Alfred yakan yi waƙa da rakiyar wani irin molo na Turawa kawai, musamman waƙoƙin John Dowland, wanda ya rasu a 1626. Ƙungiyar ta zaga ƙasashen Turai da Amurka. Mutanen Faransa sun so shi sosai, kuma kamfanin Harmonia Mundi na ƙasar ya buga faya-fayansa masu yawa.

A 1960 ya shiga wani sabon fage. Benjamin Britten ya tsara opera daga wani wasan Shakespeare. A cikin wasan akwai Oberon, sarkin aljanu. Britten yana son murya wadda ba a saba ji ba, don ƴan kallo su gane cewa sarkin ba ɗan Adam ba ne. Sai ya rubuta waƙoƙin Oberon daidai da muryar Alfred, kuma shi ne ya fara fitowa a matsayin sarkin.

Alfred Deller ya rasu ran 16 ga watan Yuli na 1979 a birnin Bolonya na ƙasar Italiya, yana da shekara 67. An binne shi a Ingila. Ɗansa Mark ya gaji muryarsa da sana'arsa. Bayansa mawaƙa da yawa sun bi sawunsa, har makarantun kiɗa suka shiga koyar da irin wannan murya. Baiwar da aka yi wa dariya ita ce ta raya waƙoƙin da aka kusa mantawa.

Ma'anar kalmomi

Majami'a: wurin ibadar Kirista.
Mai tsara kiɗa: wanda yake ƙirƙiro kiɗa da waƙa, ya rubuta su.
Opera: wasan kwaikwayo wanda ake rera maganganunsa da waƙa.
Faifai: abin da ake ɗaukar murya a kansa don a saurara daga baya.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Alfred Deller, kuma a wace ƙasa?
2. Me ya sa bai sami malamin da zai koya masa ba?
3. Me ya yi da mutane suka yi masa dariya?
4. Don me Britten ya zaɓi muryarsa domin Oberon?
5. Tambayi wani tsoho a gidanku wata tsohuwar waƙa da aka daina yi. Rubuta ta a littafinka, ka kawo wa malam.