Francisco Goya, mai zanen makaho da jita

A gidan adana zane-zane na Prado da ke Madrid akwai wani babban zane na shekarar 1778. Makaho ne ya rungumi jita yana waƙa, ɗan jagoransa na gefe, jama'a sun kewaye su, ga kuma wani baƙin mutum ɗan ga-ruwa da tulunsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa sauraron makaho a bakin kasuwa zai gane wurin nan take. A Sifaniya ta wancan zamani makafi ne ke rera labaran kisan kai da abubuwan al'ajabi a tituna, su kuma sayar da takardun waƙoƙin. Wanda ya yi zanen shi ne Francisco Goya.

An haife shi ran 30 ga Maris 1746 a ƙauyen Fuendetodos, kusa da Zaragoza. Mahaifinsa sana'arsa shafa ruwan zinariya. Sau biyu Goya ya shiga gasar makarantar zane ta San Fernando, a 1763 da 1766, sau biyu yana faɗuwa. Ya je Italiya ya dawo, a 1773 ya auri Josefa, ƙanwar mai zane Francisco Bayeu. To, yayan matar nan ne ya yi masa hanya, a 1775 ya samu aiki a masaƙar sarki ta Santa Bárbara.

Aikin shi ne ya zana samfuri, masaƙa su kwaikwaya a dardumar da za a rataya a bangon fada. Manyan fada na sha'awar ganin talakawa suna rawa da wasa, amma fa a bango. Zanen makahon ma sai da aka mayar masa ya gyara, wai ya yi wuyar saƙawa. Ya gyara ɗin, ai mai neman gindin zama ba ya jayayya. A 1789 sarki Carlos na huɗu ya naɗa shi mai zanen fada.

A ƙarshen 1792 wata cuta ta kwantar da shi, ya tashi kurma yana da shekara 46. Ya ƙara shekara 35 a duniya bai sake jin jita ba. Sai ga yaƙi, sojojin Napoleon sun mamaye ƙasar a 1808, ya zana harbe-harbe da yunwa ba tare da ya ƙawata komai ba.

A 1819 ya sayi gida a bayan Madrid, ya cika bangonsa da zane 14 masu duhu, ba don sayarwa ba. A ganina a nan ake sanin ko wane ne Goya. Ɗaya daga ciki bikin San Isidro ne, bikin da ya taɓa zanawa a 1788 cikin hasken rana da fararen laimomi. Wannan karon sama ta yi baƙi, taron na tahowa a cunkushe, a gabansu mai jita ya wage baki, ba ka iya cewa waƙa yake ko ihu.

Da danniyar sarki Fernando na bakwai ta tsananta, sai ya koma Bordeaux a Faransa a 1824. Can ya mutu ran 16 ga Afrilu 1828, yana da shekara 82. Da aka tono kabarinsa don mayar da shi gida, ba a samu ƙoƙon kansa ba. Tun 1919 sauran ƙasusuwan na kwance a cocin San Antonio de la Florida a Madrid, ƙarƙashin ƙubbar da shi da kansa ya zana a 1798.