Mikola Lisenko: Mawaƙin da ya gina makaranta don kada waƙoƙin Yukren su ɓace

An haifi Mikola Lisenko ranar 22 ga watan Maris na shekara ta 1842 a ƙauyen Hirinki, cikin yankin Poltava na ƙasar Yukren, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Rasha. Mahaifiyarsa ce ta fara koya masa piyano. Daga 1867 zuwa 1869 ya yi karatun kiɗa a birnin Leipzig na Jamus.

Da ya dawo gida sai ya duƙufa wajen tattara waƙoƙin talakawa. A 1873 ya zauna da wani makaho mawaƙi, Ostap Veresai, mai kaɗa kobza, wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗan uwan gurmin da ake ji a kasuwannin Madarumfa da Maraɗi. Ya rubuta waƙoƙinsa da karinsu a takarda, ya yi nazari a kansu.

Aikin bai zo masa da sauƙi ba. A 1876 sarkin Rasha Alekzanda na biyu ya sa hannu kan dokar da ta hana buga littattafai da yin wasanni a dandali cikin harshen Yukren. Lisenko ya tsaya kan bakansa. Babban wasansa na waƙa, Taras Bulba, ya burge Caikovski har ya so a nuna shi a Mosko, amma Lisenko ya ƙi yarda a juya shi zuwa Rashanci. Sai a 1924 aka fara nuna wasan a Karkiv, shekara 12 bayan rasuwarsa.

A 1903 masoyansa suka haɗa masa gudummawar kuɗi don cikarsa shekara 35 yana aiki. Da kuɗin ne ya buɗe makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo a Kiyev a 1904, inda ƴan makaranta suke koyon kiɗan Turai tare da na gargajiya.

Ya rasu ranar 6 ga watan Nuwamba 1912, dubban jama'a suka raka gawarsa. A 1918 makarantar ta zama babbar cibiya mai ɗauke da sunansa, a 1934 kuma aka haɗe sashen kiɗanta da babbar makarantar kiɗa ta Kiyev. Har yau babbar makarantar kiɗa ta birnin Lviv sunansa take amsawa.