Jim Thompson: Attajirin Alharini Da Ya Fita Shan Iska Bai Dawo Ba

A tsakiyar Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, akwai wata tsohuwar hanyar ruwa da aka haƙa da hannu, ana kiranta Saen Saep. A gaɓa guda akwai wani jan gida na katako, wanda baƙi daga sassan duniya suke biyan kuɗi su shiga kallo. A ɗaya gaɓar kuma akwai Ban Krua, unguwar Musulmi mai matsattsun lunguna da masallatai. Mai gidan katakon shi ne Jim Thompson, Ba'amurken da ya yi arziki da alharinin Tailan, ya kuma ɓace a 1967, har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Duniya ta fi riƙe labarin ɓatansa. Mu kuwa za mu bi rayuwarsa tun daga tushe, domin ba a fahimtar gidan da ke wannan gaɓa sai an san unguwar da ke waccan.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi James Harrison Wilson Thompson ranar 21 ga Maris, 1906, a Greenville da ke jihar Delaware ta Amurka. Shi ne auta cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa attajiri ne mai harkar yadi, kakansa na wajen uwa kuma janar ne a yaƙin basasar Amurka, sunansa aka raɗa wa yaron. Ya kammala jami'ar Princeton a 1928, ya karanci zanen gine-gine a jami'ar Pennsylvania, sannan ya yi wannan sana'a a birnin New York daga 1931 zuwa 1940, yana zana wa masu hali gidaje.

A 1941 ya ajiye sana'ar ya shiga soja. Daga nan aka ɗauke shi cikin OSS, hukumar leƙen asirin Amurka ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wadda CIA ta samo asali daga gare ta. Ya yi aiki a Arewacin Afirka da Turai, daga baya aka tura shi tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, domin shirin shiga Tailan da ke hannun Japan. Kafin a aiwatar da shirin sai Japan ta miƙa wuya a watan Agusta na 1945. Saboda haka ya sauka Bankok babu harbi, ya shirya ofishin hukumarsa a can. Auren da ya yi lokacin yaƙi ya mutu a 1946, bai kuma sake yin wani ba. Da ya bar aikin soja, Bankok ya zaɓa ta zama gida. Ya fara haɗa hannu da wasu don farfaɗo da tsohon otal ɗin Oriental, amma saɓani kan fasalin ginin ya raba su.

Masaƙan Ban Krua

A wancan zamani saƙar alharini da hannu ta kama hanyar mutuwa a Tailan. Yadin inji mai arha da ake shigowa da shi ya cika kasuwa, masaƙa kuma suna ta barin sana'ar gado. Cikin wuraren da ba a daina ba akwai Ban Krua.

Mutanen wannan unguwa 'yan ƙabilar Cham ne. Kakanninsu sun yi daular Champa a gaɓar tekun ƙasar da ake kira Biyetnam a yau. Bayan faɗuwar babban birninsu Vijaya a 1471, da yawa suka watsu zuwa Kambodiya da maƙwabtanta, Musulunci kuma ya kafu a cikinsu. Wasu daga cikinsu sun yi wa Sarki Rama na Ɗaya yaƙi a ƙarshen ƙarni na 18, aka saka musu da filin da suka kafa Ban Krua a kansa. Sun zo da addininsu, sun kuma zo da saƙarsu.

Thompson ya ga abin da idon 'yan gari ya saba da shi har ya daina gani. Zaren alharinin Tailan yana da kauri da 'yan ƙulle-ƙulle, idan an saƙa launi biyu a giciye kuma sai yadin ya riƙa sauya kama gwargwadon yadda haske ya faɗa masa. Ya ɗauki samfuri ya kai New York, ya nuna wa editar mujallar Vogue, Edna Woolman Chase, ta yaba, mujallar ta tallata shi. A 1948 shi da abokinsa George Barrie suka kafa kamfanin Thai Silk da jarin dala 25,000.

Abubuwa uku ya yi waɗanda suka tsayar da kasuwancin. Ya kawo rinin zamani daga Turai wanda ba ya zuba, a madadin rinin itatuwa mai saurin koɗewa. Ya bar masaƙa suna aiki a cikin gidajensu, bai tattara su a masana'anta ba, don haka mata suka samu abin hannunsu ba tare da sun bar 'ya'yansu da ɗakunansu ba. Sannan ya ba manyan masaƙansa hannun jari a kamfanin, ta yadda idan riba ta ƙaru, rabonsu ma ya ƙaru. Al'adarsa ce kowace safiya ya shiga unguwar, gida gida, yana duba aikin jiya da launin da ya fito daga rini.

A 1951 aka ɗinka tufafin wani shahararren wasan dandamali na New York, mai suna The King and I, da alharinin kamfanin. Daga nan oda ta riƙa zuwa daga manyan otal-otal da maɗinka da masu shirya fina-finai. Dubban iyalai suka samu abin dogaro, daga masu kiwon tsutsar alharini a arewa maso gabashin ƙasar zuwa marina da masaƙa. A 1962 masarautar Tailan ta ba shi lambar girma ta Farar Giwa.

Gidan da ke gaɓar ruwa

A 1959 ya kammala gidansa daura da Ban Krua. Tsofaffin gidajen katako shida ya saya, wasu daga yankin tsohon birnin Ayutthaya, aka kwance su, aka kawo su ta ruwa, aka haɗa su gida ɗaya. Babban zauren baƙinsa kuwa gidan wani masaƙi ne daga Ban Krua, aka tsallako da shi. Ya cika gidan da tsofaffin zane-zane da tangaran da gumakan addinin Buddha, kusan kowane dare yana da baƙi a teburinsa.

Bai rasa abokan adawa ba. Tara kayan tarihi ya haɗa shi rigima da hukumar kula da su a farkon shekarun 1960, har aka karɓe wasu daga hannunsa, abin da ya ɓata masa rai ƙwarai. A fagen siyasa kuma an san shi da ƙaunar tsohon firaminista Pridi Banomyong, wanda juyin mulkin 1947 ya kora daga ƙasar, da kuma tausaya wa masu neman 'yancin Laos da Biyetnam. Wannan ra'ayi bai yi wa sojojin da ke mulkin Tailan daɗi ba, haka ma wasu jami'an ƙasarsa ta haihuwa.

Ranar 26 ga Maris, 1967

Kwana biyar bayan ya cika shekara 61, Thompson yana hutu a tsaunukan Cameron da ke jihar Pahang ta Maleshiya, wuri mai sanyi da gonakin shayi, kewaye da ƙungurmin daji. Ya sauka a wani gida da ake kira Moonlight, na wasu abokansa mata da miji mazauna Singafo, tare da wata tsohuwar abokiyar hulɗarsa daga Bankok. Ranar Lahadi ce ta bikin Ista, cikin watan Zulhijja na 1386, kwanaki kaɗan bayan babbar sallah. Da safe suka je coci, suka ci abinci, suka koma masauki. Da rana ya fita shi kaɗai da ƙafa, kamar mai zuwa shan iska. An ruwaito cewa ya bar tabarsa, alhali shi mai yawan shan ta ne, ya kuma bar magungunansa. Wasu sun ce sun hango shi a kan hanya da wajen ƙarfe huɗu. Duhu ya yi bai dawo ba.

Neman da aka yi masa yana cikin mafi girma a tarihin yankin. Sama da mutum 500 suka shiga dajin: 'yan sanda, sojoji, 'yan sa kai, da mutanen Orang Asli, 'yan asalin dajin da suka gwanance wajen bin sawu. Aka yi kwana 11 ana nema. Bokaye da 'yan duba na gida da na waje suka yi ta zuwa, kowa da wurin da yake nunawa, babu wanda maganarsa ta kai ga komai. Ba a samu gawa ba, ba a samu ko takalmi ba, babu kuma wanda ya nemi kuɗin fansa.

Daga nan zato ya yi yawa. Wasu suka ce ya ɓata hanya ya faɗa kwazazzabo, ko damisa ta kama shi. Wasu suka ce mota ce ta buge shi, direban ya ɓoye gawar don tsoro. Waɗanda suka tuna tsohon aikinsa na leƙen asiri suka ce an ɗauke shi ne, ko kuma shi ya tafi wata ganawa ta sirri. Wani fim na bincike da ya fito a 2017 ya ɗora alhakin a kan 'yan tawayen gurguzu na Malaya, bisa maganar da aka ce wani ya faɗa a gadon mutuwarsa. Duk waɗannan zato ne, babu wanda aka tabbatar da hujja. Abin da ya ƙara wa lamarin duhu shi ne kisan da aka yi wa yayarsa a gidanta da ke Amurka, wata biyar bayan ɓatansa. Ba a kama wanda ya yi ba, ba a kuma nuna wata alaƙa tsakanin lamuran biyu ba.

Abin da ya bari

Shekara bakwai dukiyarsa tana rataye, ba a ce mai ita yana raye ba, ba a ce ya mutu ba. Sai a 1974 wata kotun Tailan ta yanke hukuncin ɗaukarsa a matsayin mamaci. Ya bar wasiyya biyu masu karo da juna: ta farko ta ba wata ƙungiyar masana mai suna Siam Society gidan da kayan cikinsa, ta biyu kuma, wadda ya rubuta bayan rigimar kayan tarihi, ta ba ɗan ɗan'uwansa. A ƙarshe gidan ya koma hannun wata gidauniya mai ɗauke da sunansa, ya zama gidan tarihi.

Kamfanin bai mutu ba, ya ma ƙara bunƙasa. Sai dai bayan tafiyar mai shi an mayar da saƙar zuwa Pak Thong Chai, a lardin Nakhon Ratchasima, inda aka gina masana'anta. Alaƙar da ke tsakanin kamfanin da Ban Krua ta rataya ne a kan mutum ɗaya da yawon da yake yi kowace safiya. Da ya ɓace, oda ta ja baya, gida bayan gida aka naɗe kayan saƙa, 'ya'yan masaƙa suka kama wasu sana'o'i. Cikin duk waɗanda ɓatansa ya shafa, su ne ba a cika ambata ba, alhali kuwa da hannunsu aka saƙa sunan da ake sayarwa a manyan kantuna har yau.

Unguwar dai tana nan. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 hukuma ta so ta ratsa ta da babban titi, wanda da zai ci gidaje masu yawa, ya taɓa masallaci da maƙabarta. Mutanen Ban Krua suka yi shekaru suna ja cikin lumana, har aka jingine aikin. Kakanninsu suna kwance inda aka binne su, kowa ya san kabarin nasa. Maƙwabcinsu na tsallaken ruwa, wanda ya fi su duka dukiya da suna, shi ne ba shi da kabarin da za a nuna, Allah kaɗai ya san inda ƙasa ta rufe shi. A cikin lungunan unguwar kuma akwai gidaje 'yan ƙalilan da har yanzu ake jin ƙarar ƙoshiya tana kai da kawo a cikinsu.