Alhaji Alhassan Ɗantata, Mutumin Bebeji

Bayan haka, an haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a Bebeji cikin shekarar 1877, zuriyar Agalawa fatake. Yana yaro mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta tafi Accra, wata tsohuwa Tata ta riƙe shi. Daga gare ta ya sami laƙabinsa.

Ya yi almajiranci. In ya sami 'yan kuɗi ba ya cinyewa duka, sai ya jefa wani abu a asusu. Halin nan ya bi shi har tsufa, gama abin da aka dinga yi kullum shi ke zama ɗabi'a, har rai ya daina jin nauyinsa.

Ya yi fataucin goro, kana ya shiga cinikin gyaɗa. Cikin 1929 ya kai banki a Kano kuɗin azurfa, kayan raƙuma 20. Duk da haka bai bar sauƙin ci da sutura ba. Ya rasu a Kano cikin 1955, Allah ya jiƙansa.

To, malamai da attajirai, a koya wa yara tattali da wuri, kada su girma su ci uwar kuɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wassalam.