Bayanin Nasabar Nana Asma'u Ɗiyar Shehu da Aurenta da Zuriyarta

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa bisa ni'imar Musulunci, muna salati ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda sunka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa almajiran Shehu Abdulƙadir, ku sani abin da ya sa ni rubuta wagga takarda kuskure ne nawa wanda na zamna cikinsa shekaru. Tun ina yaro kakata, uwar ubana, Allah shi jiƙanta, takan gaya muna mu ɗiyan Nana Asma'u ne. Da ta rasu anka iske cikin gafakar gidanmu wata 'yar takarda ta ajami, gara ta ci gefenta, da sunaye biyar a jere, na ƙarshensu sunan Nana ɗiyar Shehu. Ni kuwa na riƙe ta hujja, ina faɗa wa mutane jinin Shehu gare ni, har anka riƙa matsa mini wuri a gaba cikin halƙar zikiri, raina shina jin daɗin haka. Sai wata rana malaminmu shina karantar da hadisi, ya kawo wanda Buhari da Muslimu sunka ruwaito na narkon wanda ya jingina kansa ga wanin ubansa alhali shina sane. Daren nan ban runtsa ba. Na ɗaura niyya in bi nasabar tun daga tushe har in ga inda muka haɗu da ita, in akwai. Ga abin da na samu.

Fasali: asalinta

Ita ce Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Muhammadu Fodiyo ɗan Usmanu ɗan Salihu ɗan Haruna, har zuwa ga Musa Jakollo. Shehu Abdullahi, ƙanen Shehu, ya ambata cikin littafinsa Ida'un Nusukhi cewa Musan nan shi ne ya taso da jama'arsa daga Futa Toro ya sauka ƙasar Ƙonni. Torankawa ne, gidan karatu tun kaka da kakanni, kuma Fodiyo da Fillanci malami ke nan. An haifi Shehu a Maratta shekara ta 1168 ta hijira, wadda ta yi daidai da 1754, ya girma a Degel.

A Degel anka haifi Nana, shekara ta 1208, wato 1793. Ku dubi wagga shekara, ya 'yan'uwa, zama cikinta ne Shehu ya cika arba'in, ya ga Shehu Abdulƙadir Jilani cikin kashafi ya ɗaura masa takobin gaskiya. Uwarta Maimuna, matar Shehu ta fari, 'yar'uwarsa ce ta jini, auren zumunci anka yi musu. Tagwaye ta haifa. Namijin anka sa masa Hassan bisa al'ada, amma macen Shehu bai bi al'adar tagwaye ba, ya sa mata Asma'u, sunan ɗiyar Sayyidina Abubakar Siddiƙu wadda ta kai wa Annabi guzuri a kogo. Maimuna ba ta daɗe ba ta rasu, Nana tana ƙarama ƙwarai. Sai matan ubanta sunka rene ta, A'isha da Hauwa. Hauwan nan ita ce uwar Muhammadu Bello, don haka Nana da Bello uba ɗaya suke, uwa daban, amma shaƙuwarsu ta fi ta ɗaki ɗaya.

Tana da shekara goma da 'yan watanni anka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, cikin 1218, wato 1804. Ta ga nasarar Tabkin Kwatto a shekarar, ta kuma ga baƙin cikin Tsuntsuwa inda anka yi shahidai masu yawa, cikinsu da mahardata Alƙur'ani. Ta sha yunwa da tafiyar ƙasa tare da jama'a har sunka sauka Gwandu. Duk wannan ba ta bar allo ba.

Fasali: aurenta

A 1807 anka ɗaura mata aure da Usmanu Gidado ɗan Abubakar Sambo Laima, tana wajen shekara goma sha huɗu. Gidado aminin Bello ne, abokin sirrinsa. Da Shehu ya rasu a Sakkwato ran 3 ga Jimada Sani 1232, wato 1817, anka yi wa Bello mubaya'a, sai Gidado ya zama wazirinsa. Ku ga matsayin da Allah ya ajiye ta: ɗiyar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri. Wata macen da ta samu ɗaya cikin ukun nan da ta miƙe ƙafa ta huta. Ita kuwa ita da mijinta sunka duƙufa ga tattara littattafan Shehu da tsara su, don kada su watse bayan yawon yaƙi. Shi ya rubuta Raudul Jinan bisa karamomin Shehu, ita tana tsara waƙoƙi da Fillanci da Hausa da Larabci. Sun zamna tare fiye da shekara arba'in, har ya rasu a 1851.

A nan zan yi ƙorafi kaɗan. Masu rubuta nasaba maza suke ƙirgawa, su ce wane ɗan wane, in sun zo ga mace su tsallake ta kamar ba ita ta ɗauki cikin ba. Na sha wahala wurin neman matan gidan Shehu cikin takardun nasaba. Inda na same su cikin marsiyyoyin Nana ne. Ta yi wa baffanta Shehu Abdullahi marsiyya, wanda ya rasu a 1829, ta yi wa Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta, amma kuma ta yi wa 'yar'uwarta Faɗima, shaƙiƙiyar Bello, matar Aliyu Jeɗo shugaban runduna, ta yi wa aminiyarta A'isha, har maƙwabciyarta Halima ba ta bari ba. Kuma al'adarta ce ta rufe waƙa da ramzi, haruffan da in an lissafta su za su ba da shekarar da anka yi ta. Wanda ya iya hisabin haruffa ya jera marsiyyoyin nan, to ya samu littafin nasaba mai shekaru, kuma da mata a ciki. Abin da take yabon mamatan da shi kuwa ba dangantaka ba ce, sai haƙuri da kyauta da tsayuwar dare da sulhunta mutane.

Fasali: zuriyarta

'Ya'yan da ake ƙirga mata maza ne. Babbansu ta wajen shahara Abdulƙadir, mai sunan Shehunmu, shi ya gaji ubansa ga wazirci. Akwai kuma Ahmadu, shi ya haifi Muhammadu Buhari, wanda shi ke Waziri sa'ad da Nasara sunka ci Sakkwato a 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas har ya yi shahada a Burmi, Waziri Buhari ya tsaya tare da jama'ar da ba ta iya tafiya, ya rasu a 1910. Buhari ya haifi Junaidu a 1906, wanda ya zama Waziri a 1948, ya rasu a 1997. Shi ne ya rubuta Arfur Raihan bisa ambaton Shehu da waɗanda sunka shahara cikin ɗiyansa, kuma a gidansa takardun Nana sunka tsira. To, ga silsila a fili: Junaidu ɗan Buhari ɗan Ahmadu ɗan Gidado da Nana. Zuriyar nan ita ake kira Gidadawa, da unguwarsu cikin Sakkwato, sun san junansu, ba su ɓace wa kowa ba.

Na bi rassan nan ɗaya ɗaya ban ga ƙofar da gidanmu ya shiga ba. Sai na ɗauki takardar na tafi Sakkwato, na gai da wani tsohon malami a unguwar Gidadawa, na durƙusa na ce Allah shi gafarta Malam, na miƙa masa. Ya kai ta kusa da idonsa ya daɗe shina dubawa, sa'an nan ya yi murmushi, ya nuna mini abu biyu da na kwashe shekaru ina kallo ban gani ba. Na ɗaya, sunayen duka na mata ne. Na biyu, abin da ke tsakanin suna da suna ba ɗiya ba ne, ba bintu ba ne, kalmar daga ce. Kuma wadda ke kusa da sunan Nana an rubuta mata jaji. Ashe takardar ba ta haihuwa ba ce, ta karatu ce: wance ta karɓa daga wance, har zuwa ga jajin da ta karɓa daga bakin Nana. Kakata ba ta yi ƙarya ba, ni ne ban gane maganarta ba.

Fasali: 'Yan Taru

Bayaninsa shi ne, da ƙasa ta natsu, Nana ta duba ta ga matan ƙauyuka, da bayin da anka kamo wurin yaƙi, da yawa ba su san hukuncin tsarki da salla ba, bori shina jansu. Matar aure mai goyo ba ta iya barin ɗakinta ta zo birni. Sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali daga garuruwa, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa da jan rawani alamar izini. Jaji takan taho da ayarin tsofaffi da 'yan mata waɗanda ba su kai aure ba, su zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu da sawaye, Nana ta raba wa mabuƙata, su kuma su hardace waƙoƙinta, su koma su karantar da waɗanda ke cikin gidaje. Su ne 'Yan Taru. Saboda su ta yawaita tsari da Hausa. Ta mai da Tabbat Haƙiƙa ta Shehu zuwa Hausa a 1831, ta tsara Tawassuli ga Mata Masu Albarka inda ta jera matan Annabi da waliyyai mata irin su Rabi'atul Adawiyya, ta haɗa da matan jama'ar Shehu. Ƙanenta Isa Mai Kware, autan Shehu, ya mai da wasu waƙoƙinta na Fillanci zuwa Hausa. Da wata jajinta mai suna Hauwa ta rasu, ta yi mata marsiyya kamar yadda ta yi wa 'yan ɗakinsu. Matan nan suna kiranta Uwar Gari, suna kiran kansu ɗiyanta, kuma wannan kiran ne ya gangaro har bakin kakata.

Ta rasu a 1280, wato 1864, tana da shekara saba'in da ɗoriya. Anka rufe ta a Hubbare kusa da ubanta. Ƙanwarta Maryamu, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta riƙe aikin 'Yan Taru bayanta.

Da na komo gida na tafi wurin muƙaddaminmu na gaya masa, ran Juma'a kuma na faɗa gaban 'yan'uwa cewa abin da na kasance ina faɗi ba haka yake ba, na roƙi gafararsu, na koma sahun da nake tun farko. Ya yi mini nauyi, ba zan ɓoye ba. Nasabar ubana na bi ta, ta tsaya ga kaka na huɗu, marini ne, kuma a nan na tsaya. Takardar kuwa na sake kwafe ta da sabuwar tawada, na ƙara sunan kakata a sama, zama ita ta koya mini alwala da waƙa tun ban shiga makarantar allo ba, sa'an nan na ba ɗiyata ta ajiye.

Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa Fatiha ɗaya ga Nana Asma'u da iyayenta da mijinta da jajojinta, da matan nan huɗu da ke cikin takardarmu, da kakata. Allah shi yarda da su, shi gafarta mini abin da na faɗa ba da sani ba. Tammat, da godiyar Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.