Marino Ortolani, likitan da ya saurari mai goyo

Idan kin taɓa ganin likita ko ungozoma ta kwantar da jaririnki rigingine, ta lanƙwasa gwiwoyinsa, ta buɗe cinyoyin a hankali, to wannan gwajin sunan wani mutumin Italiya yake ɗauke da shi.

An haifi Marino Ortolani a 1904 a Altedo, kusa da Bolonya, inda ya karanta likitanci. Aikinsa kuwa a Ferrara ya yi shi, a gidan renon jariran da ba su da mai kula da su, wanda ya mayar asibitin yara. Yankin na fama da wani ciwon ƙarancin jini na gado, ga kuma yara masu ɗingishi birjik.

A 1935 wata uwa ta kawo masa jariri ɗan wata biyar saboda ciwon jinin. Cikin bayani ta ce duk sanda take yi masa wanka tana jin wani abu na yin ƙas a kwatangwalonsa. Wani likitan ai da ya wuce zancen. Shi ya ce ta nuna masa yadda take yi. Ya ji da hannunsa, ya sa aka ɗauki hoton ƙashi, sai ga kan ƙashin cinya ba ya zaune daidai a gurbinsa. Ƙas ɗin nan motsin ƙashin ne lokacin da yake komawa ciki. Ya yi ta gwadawa a kan sauran jarirai, ya wallafa a 1937. Gaskiya wani Bafaranshe, Le Damany, ya riga shi bayyana alamar, amma Ortolani ne ya dage har ta zama gwajin kowane jariri.

Muhimmancin abin shi ne lokaci. In an gano a watannin farko, ɗamarar da ke riƙe cinyoyi a buɗe kan isa. In an bari sai yaro ya fara tafiya, sau da yawa sai tiyata.

Ya rasu a 1983, shekara 3 bayan Reinhard Graf na Ostiriya ya nuna ana iya duba gaɓar da sikanin. Sikanin na lokacin ciki fa ba ya nuna wannan matsalar, amma yana nuna ƙafar da ta murɗe ciki, da jaririn da ya zauna ta ɗuwawu. Irin wannan jaririn, da 'ya mace, da mai tarihin abin a dangi, su suka fi haɗari.

Goyon da iyayenmu na Nima da Maamobi ke yi, cinyoyi a buɗe, yana taimaka wa gaɓar. Naɗe ƙafafu a miƙe tamau shi ke cutarwa. Kada dai a gwada na Ortolani a gida. In kin ji ƙas wajen wanka, ko ƙafa ɗaya ta fi gajarta, ki faɗa a wajen awo, su tura ki Korle Bu in da buƙata.