Samuel Johnson: Ɗalibin da talauci ya kora daga Oxford, ya dawo mata da ƙamus

Wata rana wani ɗalibi a Kwalejin Pembroke ta Jami'ar Oxford ya buɗe ƙofar ɗakinsa, sai ya ga sabon takalmi a ajiye. Babu wasiƙa, babu sunan wanda ya kawo. Nasa takalmin kuwa ya mutu murus, har ƙafafunsa suna leƙowa.

Bai saka ba. Cikin fushi ya ɗauka ya yi jifa da shi.

Wannan ɗalibi shi ne Samuel Johnson, wanda daga baya ya rubuta ƙamus ɗin Turanci da ya zama madogara sama da shekara 100. Wata 13 kacal ya yi a Oxford, ya tafi babu digiri. Ƙwaƙwalwa ba ta gaza masa ba, aljihu ne ya gaza, kuma kunyar da rashin ya jawo masa a tsakanin 'ya'yan masu hali ta bi shi har tsufa.

Ɗan mai sayar da littattafai

An haife shi ranar 18 ga Satumba, 1709, a garin Lichfield da ke tsakiyar Ingila. Mahaifinsa, Michael Johnson, mai sayar da littattafai ne da ke da shago a garin, yana kuma kasa kaya a kasuwannin garuruwan kusa. Mutum ne mai mutunci a idon jama'a, amma cinikinsa yana ta ja da baya, bashi yana ta taruwa.

Tun yana jariri Samuel ya kamu da wani nau'in tarin fuka mai kama kaluluwar wuya. Ya tashi da tabo a wuya da fuska, ido ɗaya ba ya gani sosai, kunne ɗaya ba ya ji sosai. A 1712 mahaifiyarsa Sarah ta kai shi Landan domin Sarauniya Anne ta shafa shi, saboda a lokacin mutane sun yi imani taɓawar mai sarauta na warkar da cutar. Bai warke ba.

A makarantar garinsu ya yi fice a Latin, ga shi da saurin hadda. Da ya gama, babu kuɗin wucewa gaba, sai ya zauna gida kimanin shekara biyu yana karanta duk abin da hannunsa ya kai a kantocin shagon mahaifinsa.

Hanya ta buɗe a 1728, lokacin da wata 'yar'uwar mahaifiyarsa ta rasu ta bar mata gadon fam 40. Wani abokin karatunsa ɗan gidan masu hali, Andrew Corbet, shi ma an sa ran zai taimaka. Da wannan ɗan jari da wannan fata aka kai Samuel Oxford a ƙarshen Oktoban 1728, yana da shekara 19.

Jami'ar da riga ke faɗin matsayi

A Oxford ta wancan zamani, ba sai an tambayi ɗalibi ɗan wane ne ba. Rigar da ya sa ta isa amsa.

An kasa ɗalibai hawa-hawa gwargwadon gidan da suka fito da kuɗin da suke biya. A sama akwai 'ya'yan sarauta, masu rigar siliki da hula mai tuntun zinariya. Sai 'ya'yan attajirai da ke biyan kuɗi mai yawa, a sassauta musu dokoki. Sai gama-garin ɗalibai masu biya wa kansu abinci da ɗaki. A can ƙasa kuma akwai ɗalibai 'yan hidima, waɗanda ke kai wa 'yan'uwansu abinci da yi musu aike domin a rage musu kuɗin makaranta.

Johnson ya shiga a sahun gama-gari. Hakan ya kare shi daga yi wa kowa hidima, amma ya ɗora masa nauyin da gidansu ba zai iya ɗauka ba. Taimakon da aka sa ran samu daga Corbet bai zo ba.

Ranar farko ta nuna irin ɗalibin da aka kawo. Mahaifinsa ya raka shi wajen malaman kwaleji yana ta yabon ɗansa, shi kuwa ya yi tsit a gefe. Can cikin hira sai ya tsoma baki ya jawo magana daga Macrobius, wani tsohon marubucin Latin da ba kasafai sabon ɗalibi ke saninsa ba. Malaman suka gane cewa zaman shagon bai tafi a banza ba.

Dariyar da ke ɓoye ɗaci

Waɗanda suka zauna da shi a Pembroke sun tuna da shi a matsayin mai raha. An sha ganinsa a bakin ƙofar kwaleji, ɗalibai sun kewaye shi, yana ba su dariya yana hana su karatu. Ya ƙi zuwa darasin malaminsa William Jorden na wasu kwanaki, da aka tambaye shi inda ya shiga, ya amsa ba tare da ko ɗar ba cewa yana wasan sulu a kan ƙanƙara a filin Christ Church.

Duk da haka, idan ya zauna aiki sai a sara masa. Da aka ba shi aikin hutun Kirsimeti, ya mayar da wata waƙar Alexander Pope mai suna Messiah zuwa Latin, aikin ya yi suna a jami'a, aka buga shi a wani tarin waƙoƙi a 1731.

Akwai kuma abin da ba na yabo ba. Ɗaya daga cikin marubuta tarihinsa, John Hawkins, ya kawo cewa Johnson kan shiga cikin samarin da ke fatattakar ɗalibi ɗan hidima da aka aiko ya ƙwanƙwasa ƙofofi ya duba wanda ke ɗaki, suna bin sa da kiɗan tukwane. Wanda matakala ɗaya ce tsakaninsa da 'yan hidima ya shiga sahun masu yi musu ba'a, kamar mai son a shaida shi ba nasu ba ne.

Shekaru da yawa bayan haka, William Adams, wanda malami ne a kwalejin a zamanin, ya shaida wa James Boswell, abokin Johnson kuma marubucin tarihinsa, cewa kowa na son Johnson a Pembroke, kuma ɗalibi ne mai fara'a. Da Boswell ya kai masa wannan labari, Johnson ya ce ba haka abin yake ba. Ya bayyana cewa ɗacin rai ne mutane suka ɗauka wasa. Talauci ya yi masa katutu, sai ya ƙudurta zai ƙwaci wurinsa da ilimi da kaifin baki, shi ya sa ya daina ganin girman kowace hukuma.

Yadda takalmi ya raba shi da darasi

Johnson yana da aboki tun daga makarantar Lichfield mai suna John Taylor. Da Taylor zai shigo Oxford, Johnson ya bincika masa malami mafi ƙwarewa, aka ce wani Bateman ne a Kwalejin Christ Church, sai Taylor ya shiga can.

Christ Church na tsallaken hanya daga Pembroke, kuma ita ce matattarar 'ya'yan manya. Johnson kan je wurin Taylor ya karɓi darussan Bateman daga bakinsa, tunda ba shi da damar zama ajin.

A haka takalminsa ya lalace har ƙafa ta bayyana. Ya lura ɗaliban Christ Church sun fara kallon ƙafarsa. Daga nan bai ƙara zuwa ba. Babu wanda ya kore shi, babu dokar da ta hana shi. Ya zaɓi ya rasa darasin da ya fi so a kan ya sake ratsa wannan farfajiya ana ƙare masa kallo.

Sai kuma ga sabon takalmi a bakin ƙofa. Wanda ya ajiye, da alama nufinsa alheri ne, ya ɓoye kansa domin kada ya kunyata shi. Amma kyautar ta sanar da Johnson abin da yake ta ƙoƙarin rufewa da barkwanci: kowa ya gani, har an zauna an ji tausayinsa.

A watan Disamban 1729 kuɗi suka ƙare gaba ɗaya. Ya koma Lichfield, ya bar littattafansa a Oxford. Bai koma a matsayin ɗalibi ba.

Shekara 25 babu takarda

Komawa gida ta zo masa da baƙin ciki mai tsanani wanda ya riƙa dawo masa tsawon rayuwa. Yakan taka a ƙafa daga Lichfield zuwa Birmingham, tafiyar kusan mil 16, ya dawo, ko zuciyarsa za ta yi sanyi. Mahaifinsa ya rasu a Disamban 1731, abin da ya samu na gado fam 20 ne.

Ya gwada koyarwa a Market Bosworth, bai jima ba ya bari. A Birmingham ya fassara littafin wani limamin Kirista ɗan Fotugal, Jerónimo Lobo, kan tafiyarsa ƙasar Habasha, aka buga a 1735. A shekarar ya auri Elizabeth Porter, wadda mijinta ya rasu, ta kuma girme shi da shekara 20. Da kuɗinta ya buɗe makaranta a Edial, amma ɗalibai ƙalilan ya samu, ta rufe. A 1737 ya nufi Landan tare da ɗaya daga cikin ɗaliban, David Garrick, wanda ya zama shahararren ɗan wasan kwaikwayo.

A Landan ya rayu da rubuta wa mujallar Gentleman's Magazine, abin da aka biya shi ya ci. Rashin digiri ya ci gaba da tare masa hanya. An so ba shi shugabancin wata makaranta, amma sharaɗin sai mai digiri na biyu. Aka nema masa a Oxford ba a samu ba, aka nema a Dublin nan ma shiru. Ya tambaya ko zai iya aikin lauya, aka ce sai da digiri.

A 1746 wasu masu buga littattafai suka ƙulla yarjejeniya da shi ta fam 1,575 ya rubuta ƙamus ɗin Turanci. A Faransa, majalisar masana mai mutum 40 ce ta yi irin wannan aiki, ta ɗauki gomman shekaru. Johnson ya yi nasa a ɗakin saman gidansa da ke Gough Square tare da magatakarda shida. Matarsa ta rasu a 1752, aikin bai kammala ba.

Ƙamus ɗin ya fito ranar 15 ga Afrilu, 1755, da kalmomi sama da 42,000 da misalai sama da 100,000 da ya tsamo daga littattafai. Makonni kaɗan kafin fitowarsa, Oxford ta ba shi digiri na biyu, aka samu damar sa shi a shafin farko. Shekara 25 ke nan da ya bar jami'ar.

Suna bai kawo wadata nan take ba. A 1756 aka kama shi kan bashin fam 5 da sule 18, sai da marubuci Samuel Richardson ya aiko da kuɗi aka sallame shi. A 1759 ya rubuta labarin Rasselas cikin darare na mako guda domin biyan kuɗin jana'izar mahaifiyarsa. Sai a 1762, da gwamnatin Sarki George na Uku ta yanka masa fansho na fam 300 a shekara, ya huta da fargabar bashi. Kwalejin Trinity ta Dublin ta ba shi digirin dakta a 1765, Oxford ta bi sahu a 1775.

Yadda ya koyi bayarwa

Mutumin da ya yi jifa da kyautar takalmi ya zama mai yawan kyauta, amma yana da tasa hanyar. Gidansa ya cika da waɗanda ba su da wurin zuwa. Akwai Anna Williams, makauniya mai rubuta waƙoƙi. Akwai Robert Levet, mai yi wa talakawa magani. Akwai Francis Barber, wanda aka haifa cikin bauta a Jamaika, Johnson ya biya masa kuɗin makaranta, a ƙarshe ya bar masa mafi yawan abin da ya mallaka.

Waɗannan mutane sun zauna da shi a matsayin 'yan gida, suna faɗa da juna, suna yi masa ƙorafi, yana haƙuri. Idan yana dawowa cikin dare ya tarar da yara suna barci a bakin shaguna, yakan saka musu kwabo a hannu domin su samu na karin kumallo.

Girman kan ƙuruciya ma ya dawo masa da nadama. Akwai ranar da mahaifinsa ya nemi ya raka shi kasuwar Uttoxeter, ya ƙi, don yana ganin ya wuce tsayawa a rumfa. Da ya tsufa ya je kasuwar, ya cire hula, ya daɗe tsaye cikin ruwan sama a wurin da rumfar mahaifin take, domin neman kaffara.

Bai riƙe Oxford da gaba ba. Ya riƙa kai mata ziyara, yana alfahari da Pembroke. A watan Nuwamban 1784, kan hanyarsa ta komawa Landan, ya sauka kwanaki kaɗan a gidan William Adams, wanda a lokacin ya zama shugaban kwalejin da ya bari ba digiri.

Ya rasu ranar 13 ga Disamba, 1784, yana da shekara 75, aka binne shi a Westminster Abbey. Boswell ya fitar da tarihinsa a 1791, kuma a cikinsa labarin takalmin ya yaɗu a duniya. Har yau a Pembroke ana nuna wa baƙi inda ɗakinsa yake, a saman ƙofar shiga kwalejin.